Manhajar da Ta Iya Rufa Asiri

Mu goma sha huɗu muka yi wata tara a gidan da aka gina wa mutum biyar, kuma babbar waya guda ɗaya ce a gidan, tawa. Sauran duk ƙanana ne masu tocila, na kira da amsawa. A Ƙaura Namoda ne, shekarar da zaman ƙauyen Badarawa ya gagari dangin maigidana saboda 'yan bindigar daji, suka bar geronsu tsaye a gona suka hau bayan motar hatsi. Inna ce ta fara saukowa, wato mahaifiyarsa, da ƙullin kayanta da butar alwala, sai faccalolina biyu da 'ya'yansu. Shi maigidan direba ne, yana ɗaukar hatsi tsakanin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi. Tafiyar da a da yake yi ya dawo ya ci tuwo a gida, ta koma sai ya kwana uku a tasha yana jiran a ce hanya ta yi kyau.

Ni malamar firamare ce, aji huɗu nake koyarwa. Ina da baki, ban ɓoye ba, kuma ba na son a taɓa mini kaya. To amma wa zai hana wanda ya baro gidansa da gonarsa aron waya? Kafin in aje jakar makaranta an miƙo hannu. Wannan za ta saurari saƙon murya daga ƙauye ta ji wa aka ɗauka, wa aka sako. Waccan za ta ga fuskar mijinta da ya tafi ci-rani kudu. Yara na son fim, Inna na son wa'azi. Wayar takan bar hannuna da azahar, ba ta dawowa sai gab da magariba, da zafi rau, ga maiƙon miya a fuskarta.

Sau ɗaya na gwada sa mata makulli, kwana ɗaya ya yi. Babbar faccalata, wadda ta yi sakandare ta iya karatun boko, ta juya wayar a hannunta ta ce, "Au, Malama, yanzu mun zama ɓarayi ke nan?" Da dariya ta faɗa, amma duk idon tsakar gida ya dawo kaina. A lokacin nan kuma duk wanda ya cika ɓoye waya, ba a rasa mai tambayar da wa yake magana, ko mutanen daji yake kai wa rahoto. Na cire makullin a gabanta, na ce yara ne ke goge mini hotuna.

Ga abin da nake ɓoyewa. Ɗiyata ta fari, wadda ba na kiran sunanta don sunan Inna aka sa mata, tana da farfaɗiya. Shekararta goma sha biyu a lokacin. Wata biyu kafin zuwan baƙi ta fara faɗuwa, ranar Asabar da hantsi, ina yi mata kitso a ɗakina. Ta sandare a tsakanin ƙafafuna, idanu suka juye, jiki ya kama fizga. Ni da ubanta muka kai ta asibiti Gusau, muka ce wa maƙwabta ido za a duba mata. Likita ya faɗi sunan ciwon, ya rubuta ƙwaya safe da yamma. A hanyar dawowa maigidan ya ce, idonsa a kan titi, "Maganar nan ta tsaya tsakaninmu. Ko Inna kada ta ji."

Ban yi musu ba, don abin da yake tsoro ni ma shi nake tsoro. A unguwar da na tashi akwai yarinya mai irin ciwon. In ta zo wurin wasa iyaye na janye 'ya'yansu, wai miyaunta in ya taɓa ka ka ɗauka. An cire ta daga makaranta, kuma har na yi aure na bar unguwar ba namijin da ya taɓa sallama da ita. Ɗiyata kuwa ita ce ta biyu a ajinsu. Na rantse a raina ba za a yi mata haka ina raye ba. Ita kanta mun ce mata ƙwayar ƙarin jini ce, suman kuma rana ce ta buge ta.

Likitan nan minti biyar ya ba mu, ga layi har waje, ni kuma ina da tambaya ta fi ɗari. Za ta iya azumi? Me ya sa ƙwayar ke sa ta gyangyaɗi a aji? Ana warkewa? In ta faɗi a gabana kuma, me zan yi? Komawa Gusau ba abin wasa ba ne, hanyar sai an yi addu'a an nemi yafiya kafin a hau. Sai na koma ga waya. Lokacin hutun tara, yara na can suna sayen awara, ni ina zaune a aji ina rubuta tambayoyina ina karantawa.

Ban san wayar na tara su ba, wallahi ban sani ba. Wata ranar Laraba muna tsakar gida, Inna na kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, sai babbar faccalar ta ɗago kai daga wayar.

"Malama, wa ke farfaɗiya?"

Na leƙa. A tsakanin bidiyoyin wa'azi ga wani mutum ya ɗaga kwalba, an rubuta maganin farfaɗiya sadidan. Ta kuma taɓa wurin rubuta tambaya, sai ga tambayoyina sun zubo a jere, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, har da wadda na yi a kan yarinya mai shekara goma sha biyu.

"Wata ce a ajina," na ce. "Uwarta ta roƙe ni in duba mata."

"Allah sarki. A dai raba ta da yara, Malama, kada ta shafa musu."

Na ce to. Inna ba ta ɗago ba, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ni kuwa na shiga bayi na tsaya, ba don ina jin komai ba, don dai nan ne kaɗai wurin da ke da ƙyaure a gidan.

Washegari na tare malamar kwamfuta ta makarantarmu. Ta yi difloma a kwalejin foli ta nan garin, kuma a allo take zana wa yara kwamfuta da alli, don wadda muke da ita ta mutu tun kafin a kawo malamar aiki. Mace ce mai dariya da ƙarfi, ba ta raga wa kowa. Ban gaya mata gaskiya ba. Na ce wani abin mata nake bincikawa, kuma gidana ya zama tasha. Na nuna mata dabarar da na gano da kaina, wani baƙin shafi da aka ce in ka shiga ta nan ba a ganin sawunka.

Ta yi dariya har da buga tebur. "Haba Malama! Wannan ai sharar tsakar gida ce kawai. Ya goge a wayarki, amma kamfanin da kika tambaya ya ji, ya rubuta, ga ki kuma kin shiga da imel ɗinki. Gobe mai kwalba zai dawo."

"To yaya zan yi?"

"Abu biyu kike haɗawa," ta ce. "Akwai burauza, ita ce manhajar da kike buɗewa ki shiga intanet. Akwai injin bincike, shi ne wanda kike rubuta wa tambaya ya nemo miki amsa. Burauza keke napep ce, injin bincike kuma mutumin da kike tsayawa ki tambaya hanya. Naki duka biyun magulmata ne, kuma gida ɗaya suke kai labari. Sai kin canza su duka."

Ta ce in nemi burauzar da aka bar rubutun da aka gina ta da shi a fili, duk mai so ya duba ya ga ko tana satar bayani. Na ce ni zan duba? Ni da Turancin likita ma sai na haɗa da ƙamus? Ta ce ba ni ba, amma akwai masu dubawa a ƙasashe da yawa, waɗanda ba kamfanin ke ciyar da su ba, in sun ga ha'inci sai sun yi kururuwa. "Wainar da aka soya a gabanki da wadda aka kawo miki a rufe ai ba ɗaya ba ne," in ji ta. Na ce to su kuma masu wannan me suke ci, tunda kyauta suke bayarwa, ko waliyyai ne? Ta ce wasu taimako ake ba su, wasu suna sa talla amma a kan kalmar da ka rubuta kawai, ba sa bin ka gida. "Ban ce ki yarda da su kamar iyayenki ba. Na ce dai sun fi wanda kike hannunsa yanzu."

Mako guda muka yi muna gwaji, a gindin darbejiyar bayan aji shida, don nan ne kaɗai sabis ke kai sanda biyu. Burauza ta farko an ce ita ce gwanar ɓoyo, sai ta zagaya da kai ƙasa uku kafin ta kai ka inda za ka, ko garin da kake ba a ganewa. To, da sabis ɗin Ƙaura! Na rubuta tambaya, aka kaɗa ƙararrawar komawa aji shafin bai buɗe ba. Na ce a kai kasuwa. Ta biyu kyakkyawa ce, tana tare talla, amma ga nauyi, wayata kuma cike take da finafinan faccaloli, sai ta riƙa sandarewa. Ga maɓallai barkatai da ban san amfaninsu ba, kuma sai ka tuna ka shiga ka goge tarihi da kanka. Ni da nake aje waya a guje in an ce tuwo na ƙonewa, wata rana ai mantawa zan yi.

Ta ukun ƙarama ce, ba kwalliya. In ka buɗe, wurin rubutu ɗaya ne kawai, sai wani maɓalli mai hoton kwandon shara. Ka gama karatu ka taɓa shi, komai ya tafi. Ko ba ka taɓa ba, in ka rufe ta da kanta take sharewa. Ba ta aje tarihi, ba ta tuna abin da ka tambaya jiya. Na ce wannan ita ce tawa. Malamar ta sa mini injin binciken da ba ya tara tambayoyin mutane, ta goge tsohon tarihin nan kaf, ta kashe wasu abubuwa a can cikin saitin. Muka tura sabuwar manhajar cikin jakar da kalkuleta take, inda na san ko aljani ba ya leƙawa. Mai kwalba ya ƙara fitowa sau biyu ko uku, bayan sati biyu ya ɓace.

Ba zan yi ƙarya ba, na yi kewar tsohon injin. Shi ko da gurguwar Hausa na rubuta yana ganewa, kafin in gama ma ya ƙarasa mini. Sabon kuwa in na yi masa Hausa sai ya kawo mini shirme, har da tallar takalmi. Dole na koyi sunan ciwon da Turanci, da sunan ƙwayar, in rubuta su daidai harafi bayan harafi. Kuma tunda ba ta aje komai, duk shafi mai amfani da na samu yau, gobe sai na sake nemansa daga farko. Takarda kuwa ban isa in rubuta ba, a gidan da duk takardar da aka gani sai an naɗe ƙuli-ƙuli da ita ko an karanta ta da ƙarfi.

Sai na koma hadda, kamar ina Islamiyya. In ta faɗi, a kwantar da ita a gefe. A janye duk abin da zai ji mata ciwo, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kanta. Kada a danne ta. Kada a sa mata komai a baki, ko cokali, ko yatsa, ko ruwa, ba ta haɗiye harshenta, wannan zance ne kawai. A duba agogo, in ya wuce minti biyar a nufi asibiti. A nisanta ta da wuta da bakin rijiya. Miyau ba ya sa a ɗauka. In karanta, in maimaita a raina, in taɓa kwandon shara. In dawo gida in miƙa wayar ga duk wadda ta fara miƙo hannu, gabana ko ɗar. Na ji daɗin wannan, har alfahari na yi. Ina ganin na fi kowa wayo a gidan.

Amma wayar ce kaɗai ta huta, ni ban huta ba. Ƙwayar tana cikin gwangwanin madara da nake aje allura da zare, kuma sai na faki ido a ɗakin da mutum shida ke kwana kafin in ba ta. Na hana ta zuwa murhu, na hana ta ja ruwa. Faccaloli suka samu abin faɗa, wai 'yar boko ba ta aiki, nasu ne bayi. Inna takan ja kunnenta da wasa ta ce, "Takwara, uwarki ta maishe ki ƙwai." In yi murmushin dole in wuce. In maigidan ya kira daga Zurmi, kunnuwa goma na kewaye da ni, maganarmu ba ta wuce "Ta sha?" "Ta sha." Ba inda za ni in yi kuka. Gona babu, ziyara babu, kafin isha'i an sa sakata a ƙofa, kowa na ganin kowa.

Ya fi sau goma ina zuwa bakin ƙofar Inna da niyyar in faɗa. To suruka ce. Shekara goma sha huɗu ban taɓa haɗa ido da ita ba, ban taɓa cin abinci a gabanta ba. Ta ina zan fara? Ga kuma maganar ɗanta. Sai in durƙusa in ce, "Inna, a kawo ruwan zafi?" Ta ce a kawo.

Ana cikin haka ƙwaya ta zo ƙarewa. Maigidan ne ke sayowa a Gusau, inda ba a san mu ba, sai ga shi hanya ta rufe da shi a Zurmi, kwana bakwai, takwas, ba motar da ke fita. Akwai babban kemis a bakin kasuwar hatsi, na san ba za a rasa ba. Amma mai kemis ɗin wan maƙwabciyarmu ne, kuma duk mai sayar da magani ya san ciwon da ake sha wa wannan ƙwayar. Sau biyu ina zuwa har ƙofar shagon, in sayi maganin ciwon kai in juyo. Na shiga manhajata na tambaya ko ana iya rage ƙwayar. Amsa ɗaya ce a ko'ina, kada a rage, kada a tsallake, ciwon na iya dawowa da ƙarfi. Sau uku na karanta. Na taɓa kwandon shara, na dawo gida na sa reza na raba sauran ƙwayoyin biyu biyu, wai su kai mu ranar da zai dawo. Wannan ba laifin kowa ba ne, nawa ne, kuma da ilimina na yi shi.

Ranar Talata ta ce kanta na ciwo, na bar ta a gida. Ina cikin rubuta jimloli a allo, wajen ƙarfe sha ɗaya, sai ga ƙaramar faccalata a ƙofar aji, hijabi a baibai, ba takalmi. "Malama, ki zo, Takwarar Inna ta faɗi!" Ban san yadda na hau kabu-kabu ba. Alli na hannuna har ƙofar gida.

Tsakar gida cike da matan unguwa, an yi da'ira, amma kowa ta ja baya ta riƙe ɗanta. Wata ta kunna tsumma tana kaɗa hayaƙi, wata na ta salati. A tsakiya ga ɗiyata a rigingine kusa da turmi, tana fizga. Mutum ɗaya ce ke taɓa ta. Inna ta durƙusa, ta danne mata kafaɗa da gwiwa, ta cusa mata cokalin ƙarfe tsakanin haƙora tana riƙe da shi da hannu biyu. Jini na bin cokalin yana sauka a wuyan yarinyar.

"Cire!" na ce. "Inna, cire shi! Kashe ta za ki yi?"

Ni ce na faɗi haka, ga surukata, a gaban unguwa. Na ture hannunta, cokalin ya faɗi ƙasa. Na juya yarinyar gefe, na cire ɗankwalina na tura ƙarƙashin kanta, na daka wa mai hayaƙi tsawa ta fita da shi. Hannuwana suka yi duk abin da na haddace ba tare da na yi tunani ba. Ba a daɗe ba fizgar ta lafa, numfashi ya dawo daidai. Da na buɗe leɓenta na ga ya tsage, haƙorin gaba ɗaya ya karye daga tsakiya, na kusa da shi yana girgiɗi. Guntun na ƙasa, wajen turmi.

Babbar faccalata ta tsaya daga nesa tana wanke wa 'ya'yanta hannu da toka. Ta dube ni ta ce, "Ita ce 'yar ajin naki ke nan."

Kafin la'asar unguwa ta gama ji. Da kaina na taka zuwa kemis ɗin nan na faɗi sunan ƙwayar da ƙarfi, ya miƙo mini, bai ko ɗaga gira ba. Abin da ya biyo baya ya biyo. Gida biyu sun hana 'ya'yansu shigowa wurinmu, a makaranta sai da na yi faɗa da iyaye uku kafin a bar ta a bencinta, kuma har yau akwai masu matsawa in ta zauna. Manhajar kuwa tana nan a wayata, ina amfani da ita, na ma sa wa wasu. Ban ga laifinta ba. Abin da na sa ta shi ta yi, ba ta taɓa gaya wa kowa komai ba.

Amma a ranar, bayan na dawo daga kemis, yarinyar na barci, akwai abin da ya rage mini. Na ɗaga wa surukata murya, dole in je in ba da haƙuri, ko da kuwa zuciyata na tafasa. Na durƙusa a bakin ƙofarta, kaina a ƙasa.

"Inna, a yi mini aikin gafara. Ruɗewa ce."

"Shigo, Malama," ta ce. "Shigo ki zamna."

Ban taɓa zama a ɗakinta ba. Na zauna a bakin tabarma. Cokalin na gabanta, ta wanke shi. Sai ta kamo bakin zanenta ta nuna mini, wurin ya yi ƙulli ya koɗe, ya ɗauki siffar abin da aka daɗe ana ɗaurewa a ciki.

"Tun damana na sani," ta ce.

Na ɗago na dube ta, karo na farko a rayuwata.

"Na ga kin hana ta wuta, kin hana ta rijiya. Na ga gwangwanin da kike shiga da shi bayan labule. Ƙanena ya yi irinta a Badarawa, muna yara, cikin wuta ya faɗa. Ran da na gane, na ɗauki cokalin ga na ɗaure ga zanena. Ko bayi za ni, da shi nika shiga. Haka munka taras ana yi, kada mutum shi haɗiye harshe nai."

"Inna, kin sani, ba ki ce mini komai ba?"

"Ke da ba ki faɗi ba, ni in tona miki? Na ga kina rufi, sai na taya ki rufi." Ta juya cokalin a kan tabarma. "Kullum ina ganinki da wayar ga kina motsa baki. Na ce, Malama ta yi karatu. In da akwai abin da ya kamata in sani, za ta gaya mini."

Na ciro wayar don in nuna mata, na buɗe manhajar, ga wurin rubutu fari fat kamar kullum, sabis kuma babu ko sanda ɗaya. Na aje ta. Na jawo matashin kai na kwantar da shi a tsakaninmu, na ce a ce wannan ita ce. Na juya shi gefe. Na naɗe zane na tura a ƙarƙashi. Na ce ba a dannewa, ba a sa komai a baki, harshe ba ya haɗiyuwa, sai a zauna kusa a jira.

"Sai mi kuma?" ta ce.

"Shi ke nan, Inna."

"A juya ta gefe. A jira."

"Eh."

Ta sa hannu ta juya matashin da kanta, a hankali, ta mayar da shi, ta sake juyawa. Akwai sauran jini a gefen farcenta da wankin bai fitar ba. Ta daɗe tana dubansa.

"Ashe gajeruwar magana ce," ta ce.